Ƙanƙancewar Ƙari Ba Ta Lamunce Warkewar Miki: Martani Ga Mai Cewa A Fara Da Allura

Wani malami daga cikin marubutanmu na Jimeta, wanda na daɗe ina girmama alƙalaminsa saboda tsabtar Hausarsa da kyakkyawar niyyarsa ga talakawa, ya fitar da maƙala kwanan baya a kan ciwon dajin baki, inda ya yi kira ga duk wanda Allah ya jarrabce shi da wannan cuta, a harshe ne ko a dasashi ko a kunci ko a muƙamuƙi, da kada ya yarda a ɗora masa wuƙa sai an fara yi masa allurar kemo ko gashin na'ura. Domin, a faɗarsa, idan ƙarin ya ƙanƙance yankan zai ƙanƙance, idan kuwa yankan ya ƙanƙance mikin zai yi saurin haɗewa. Maganar tana da daɗin ji, kuma an jera ta yadda masu manɗiƙi ke jera muƙaddima biyu su fitar da natija. Amma ƙiyasi, komai kyawun jerinsa, ba ya fin ƙarfin abin da aka gina shi a kai, kuma a nan muƙaddimar farko da ta biyu duka suna ɗingishi da zarar an kai su gaban likitan da ya taɓa buɗe bakin majinyaci ya ɗinke.

Da a ce maganar a zauren hira ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya wajabta mini martani shi ne ta faɗo a kan jama'ar da tun asali take gudun tiyata, wadda ta gaji zance daga kakanni cewa daji ba ya son ƙarfe, har mutum ya gwammace ya shekara yana kurkure baki da jiƙe-jiƙe yana barbaɗa gari a gyambo, da ya bari a yanki 'yar tsoka kaɗan a kai ɗakin gwaji. Wanda ke cikin wannan hali, idan ya ji mai ilimi ya ce a jinkirta wuƙa, sharaɗin da aka gindaya ba zai shiga kunnensa ba, jinkirin kaɗai zai ɗauka ya tafi da shi gida, ya karanta wa iyalinsa a matsayin fatawa.

Tun da a kan warkewar miki ne saɓanin yake, ya kamata a fara sanin yadda miki ke warkewa. Iyakar likita ya haɗa bakin yanka biyu da zare. Sauran aikin jiki ne ke yinsa, bisa tsarin da Mahalicci ya ajiye a cikinsa, mataki bayan mataki. Da farko jini ya daskare ya toshe kafa. Sa'an nan, a kwanakin farko, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin su cinye ƙwayoyin cuta da abin da ya mutu na tsoka, wanda shi ne kumburi da zafin da mai jinya ke gani ya tsorata. Bayan haka wasu ƙwayoyin halitta su shiga rarrabuwa da gaggawa suna saƙa wani zare mai suna kolajin, sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro su kawo abinci da iskar oksijin, fata kuma ta rarrafo daga gefe ta rufe. Daga ƙarshe tabon ya ɗauki watanni yana ƙara ƙwari. Bayan mako uku da yin aiki ƙarfin wurin bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 na asalinsa ba, kuma ko ya gama nuna ba ya haura kimanin kashi 80. Dukan wannan aiki a kan abu biyu ya dogara, wato rarrabuwar ƙwayoyin halitta da gudanar jini. Kemo kuwa an yi shi ne don ya hana ƙwayoyi rarrabuwa, gashi kuma, ban da wannan, yana toshe ƙananan jijiyoyi. Maganin ba ya bambanta ƙwayar dajin da ke rarrabuwa don ta halaka mutum da ƙwayar da ke rarrabuwa don ta ɗinke masa rauni.

Sa'an nan baki ba kamar cinya ko baya ba ne, inda za a ɗaure rauni da bandeji a bar shi ya huta. Miki a baki yana cikin yawu dare da rana, a wurin da ya fi mafi yawan sassan jiki tarin ƙwayoyin cuta, kuma yana motsi duk sa'ad da mutum ya haɗiya ko ya yi tari ko ya amsa sallama. A galibin irin wannan aiki ana buɗe wuya ma, don a cire kaluluwar da dajin ke fara sauka a cikinta, ta yadda abin da ke raba kogon baki da manyan jijiyoyin wuya bai wuce layin ɗinki guda ba. In layin nan ya saki, yawu ya gangara cikin wuya, sai mugunya ta taru, fata ta ɓule, a wayi gari abin da mutum ya kurɓa ta baki yana fita ta ƙarƙashin haɓa. Mafi muni kuma shi ne ruɓar ta kai ga babbar jijiyar da ke kai jini ka, ta fashe, wanda sau da yawa ajali ne cikin mintoci.

To, mu koma ga muƙaddimar farko, cewa ƙanƙancewar ƙari tana ƙanƙanta yanka. Allah gafarta Malam, daji ba ya janyewa daga gefe zuwa tsakiya cikin tsari, ya bar bayansa tas. Sau da yawa yakan mutu ne nan da can, ya bar ɗigo-ɗigon ƙwayoyi masu rai a warwatse cikin tsokar da ido ke gani kamar lafiyayya. Saboda haka ne likitoci, a bisa al'adar da aka fi bi, suke sa alama a iyakar ƙarin tun kafin a fara allura, su kuma yanka a kan tsohuwar iyakar ranar aiki, da ƙarin kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na lafiyayyar tsoka a kewaye, don a sami tazarar milimita 5 idan an duba a madubin ɗakin gwaji. Wanda ya bi sabuwar iyaka don ya faranta wa majinyaci da ƙaramin rauni, yana iya barin tushen cutar a ciki, ta dawo bayan watanni a wurin da aka riga aka yanka, inda aiki na biyu ya fi na farko wuya ninki.

Wannan mas'ala ba a bar ta ga ra'ayi ba, an kai ta ga tajriba. A birnin Milan na Italiya, likita Lisa Licitra da abokan aikinta sun raba majinyata 195 masu dajin baki da wuƙa za ta iya cirewa gida biyu, aka fara wa kashi ɗaya da allurar sisfilatin da fuloroyurasil kafin aiki, ɗaya kashin aka wuce da shi tiyata kai tsaye. Da aka fitar da sakamakon a 2003, sai aka tarar waɗanda suka kai shekara biyar a raye kashi 55 cikin 100 ne a kowane ɓangare. Bayan shekara goma, a 2013, likitocin Shanghai ta ƙasar Sin suka maimaita irin wannan gwaji da majinyata 256, suka ƙara magani na uku, dosetaksel, don ƙarfafa harin, amma shi ma bai ƙara tsawon rai ba. Insafi ya wajabta in faɗi abin da ke taimakon Malam a cikin gwajin Milan: waɗanda aka yanke wa ƙashin muƙamuƙi sun ragu daga kashi 52 zuwa 31 cikin 100 a ɓangaren da aka fara da allura, kuma wannan riba ce ta gaske ga wanda ya tsira da haɓarsa. Sai dai a cikin ɓangaren nan ɗin ne mutum uku suka rasu saboda dafin maganin kansa, a asibitin da ke da komai na ceto a hannu.

Haka nan insafi ya wajabta in ce, a waɗannan gwaje-gwaje biyu ba a ga kemo shi kaɗai ya yawaita ɓacin miki bayan aiki ba. Amma a dubi su wane ne aka gwada: mutanen da aka tantance ƙodarsu da jininsu da nauyinsu, aka ciyar da su, aka kuma jira makonni bayan allurar ƙarshe har ɓargo ya farfaɗo kafin a shiga da su ɗakin tiyata. Fararen ƙwayoyin jini suna faɗuwa ƙasa ne tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura; fuloroyurasil yana saɓule fatar baki har ruwa ya gagari mutum haɗiya; sisfilatin yana kawo amai, yana kuma cin ƙoda idan jiki ya rasa ruwa. Yanzu a ɗora wannan a kan manomin da ya taso daga Ganye ko Fufore ko Song, wanda ƙari a harshe ya riga ya hana shi tuwo wata uku, ya rame, jininsa ya yi ƙasa, a kuma yi masa allurar a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, mai lafiya ma yana neman inuwa da randa. Irin wannan mutum yakan iso ranar aiki da jikin da ya fi na ranar da ya zo rauni, alhali da jikin nan ne za a saƙa kolajin.

Gashi kuwa babinsa dabam ne, kuma a nan ne kuskuren maƙalar ya fi girma, domin ta ambaci kemo da gashi a numfashi guda kamar abu ɗaya ne. Dafin kemo galibi yana wucewa bayan makonni; abin da gashi ya yi wa tsoka ba ya wucewa, bal ma ƙaruwa yake yi da shekaru. Cikakken gashin kai da wuya awo 60 zuwa 70 ne na ma'aunin da masana ke kira gire, ana ba da shi kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, har mako shida ko bakwai. A makonnin farko fata takan yi ja ta saɓule, baki ya yi gyambo, yawu ya yi kauri sa'an nan ya ƙafe. Daga baya, a ɓoye, bangon ƙananan jijiyoyin jini ya yi ta kauri har su toshe, ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su ragu su lalace, wuya ya sandare ya yi tauri. Likita Robert Marx na Amurka ya siffanta irin wannan tsoka a 1983 da siffa uku, cewa mai ƙarancin jijiyoyi ce, mai ƙarancin ƙwayoyin halitta, mai ƙarancin oksijin. Kowane tela a babbar kasuwar Jimeta ya san cewa yadin da rana ta cinye, komai ingancin zare da gwanintar hannu, wurin da allura ta bi nan ne zai yage. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya fi kowa shan wannan wahala, saboda jininsa dama ba shi da hanyoyi da yawa. Cire haƙori ɗaya a cikinsa bayan gashi yana iya buɗe ramin da ba zai rufe ba, ƙashin ya mutu a tsaye yana wari, shekaru bayan an ce daji ya tafi. Wannan ne ya sa ake cire ruɓaɓɓun haƙora kimanin mako biyu ko fiye kafin a fara gashi, kuma yana cikin dalilan da suka sa mafi yawan asibitocin duniya suka koma yin gashi bayan aiki, lokacin da ɗakin gwaji ya riga ya faɗi ko ana ma bukatarsa, da kuma daidai inda za a auna shi.

Wani zai ce, ai a Turai ana yanka wurin da aka gasa kuma yana warkewa. Gaskiya ne, amma da me? Da tsokar da aka ɗebo daga inda gashi bai taɓa ba, tare da jijiyarta. A 1979 Stephan Ariyan ya nuna yadda za a juyo tsokar ƙirji da fatarta a haura da ita wuya da baki ba tare da an tsinke jijiyarta ba, kuma har yau wannan ce madogara a ƙasashen da kayan aiki suka yi ƙaranci. A 1989 David Hidalgo ya nuna yadda za a ciro siririn ƙashin ƙauri a lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi, a haɗa jijiyoyinsa da na wuya a ƙarƙashin madubi da zaren da ya fi gashin kai siranta. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, mai bukatar ƙwararru da ma'aikatan jinya da za su yi ta duba launin tsokar dare da rana, kuma a ƙasar nan wuraren da ake yinsa a kai a kai ƙalilan ne. Bai dace a aro rabin tsarin mutane, wato gashin farko, a bar ɗaya rabin da ke gyara ɓarnarsa ba.

Akwai kuma mas'alar hanya da guzuri, wadda mai rubutu daga Jimeta bai kamata ya tsallake ta ba. Majinyacinmu, ko daga Mubi ya fito ko Numan ko daga ƙetaren iyaka wajen Garwa, yakan fara ne da Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda da yawanmu muka fi saninsa da tsohon sunansa na Asibitin Tarayya. Na'urorin gashi a Nijeriya kuwa 'yan kaɗan ne in an kwatanta da yawan jama'a, kuma shekara da shekaru wanda aka rubuta wa gashi daga wannan yanki tafiya ce ke gabansa, zuwa irin su Shika ta Zariya ko Abuja, yini guda cur a mota ta Numan da Gombe, sa'an nan jiran layi, sa'an nan kuɗin masauki da abinci na wata biyu ga shi da mai jinyarsa. Kemo ma zagaye biyu ko uku ne, kowane bayan mako uku, kuma kowane da kuɗinsa. Iyalin da suka sayar da sa don zagayen farko, suka jinginar da gona don na biyu, da me za su biya tiyatar da ita ce ainihin maganin? Ga kuma wata fitina da duk mai zama kusa da majinyata ya sani: allura biyu ta shiga, ƙari ya sace, zafi ya lafa, mutum ya ci tuwo ya yi hamdala, dangi su ce ai an samu sauƙi, a tattara a koma ƙauye, bayan wata huɗu a dawo da shi ƙarin ya fasa kunci ya kama ƙashi. Wani kuma dajinsa ba ya jin maganin sam, yana girma ana allura, har ya haye iyakar da wuƙa ke iya kaiwa.

Malam ya yi shaguɓe cewa gaggawar yanka ɗabi'ar likitocin zamani ce marasa haƙuri. Abul Ƙasim Azzahrawi, tabibin Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ba ɗan zamani ba ne, amma a babin tiyata na littafinsa Attasrif ra'ayinsa shi ne a cire daji gaba ɗaya tun yana sabo, matuƙar yana wurin da za a iya tumɓuke shi, wanda ya tsufa ya yaɗu kuwa a bar shi.

Ban ce babu muhallin fara magani kafin wuƙa ba. Wanda ya ce haka ya faɗa kuskuren da ke fuskantar na Malam. A asibitin Tata da ke Mumbai ta Indiya, inda dajin kunci ya yi yawa saboda tauna taba, an ɗauki majinyata 721 waɗanda ƙarinsu ya wuce a yanke shi da tsabtatacciyar iyaka, aka fara musu da kemo, kimanin kashi 43 cikin 100 suka kai matsayin da aka iya yi musu aiki, kamar yadda aka bayyana a 2014. Ga irin waɗannan, ƙa'idar malaman usulu ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu ita ce ke hukunci, domin mikin da ya yi jinkirin warkewa ya fi dajin da ba a taɓa shi ba. Akwai kuma kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya siffanta a Uganda a 1958, wanda maganinsa kemo ne tun daga farko har ƙarshe, kuma yana narkewa cikin kwanaki. Ina kyautata zaton irin wannan ne Malam ya gani ko ya ji labari, ya yi ƙiyasin dajin dattawa a kansa, alhali cuta biyu ce da ba su haɗa komai ba sai wurin zama. A 2025 ma an fitar da sakamakon wani babban gwaji na maganin fembirolizumab, wanda ke zaburar da garkuwar jiki maimakon kashe ƙwayoyi kai tsaye, aka ga amfanin ba da shi kafin aiki da bayansa. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowa a cikinmu. Dukan waɗannan hukunce-hukunce ne na mutum ɗaya ɗaya, waɗanda likitan tiyata da likitan daji da mai duba tsoka a madubi ke yankewa tare bayan sun ga hoto da sakamakon gwaji, ba a mai da su umurni ga kowa da kowa a shafin jarida.

Da Malam ya tambayi masu ɗinkin abin da suke so a gabatar kafin wuƙa, da sun ba shi amsa mai araha. Suna son majinyaci ya zo da nama a jikinsa: kunun gyaɗa mai kauri irin namu na Adamawa, kindirmo, ƙwai, romon kifin Binuwai ko na Geriyo, alala mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, in haɗiya ta gagara kuma a yarda a sa robar hanci ba tare da ɗaukarta alamar ajali ba, masu hana mai miki ƙwai da nono kuwa su ji tsoron Allah. Suna son a auna jini a ƙara in ya yi ƙasa, a daidaita sukari ga mai ciwonsa, a wanke haƙora a cire matattu, a kuma ajiye sigari da garin tabar da ake cusawa a kunci da kanwa, in da hali mako huɗu kafin ranar aiki, domin taba tana matse ƙananan jijiyoyin da mikin ke jira. Wannan shiri ana yinsa ne cikin kwanakin da ake jiran sakamako da ranar tiyata, ba ya ƙara jinkiri ko kaɗan. Ribarsa kuma tana wuce ɗinki: wanda ɗakin gwaji ya ce yana bukatar gashi bayan aiki, ana so a fara masa cikin mako shida, kuma ba a gasa mikin da ke zubar da mugunya, saboda haka duk makon da rauni ya ƙara a buɗe, daga rabon gashin ake cire shi.

Roƙona ga Malam, tun da jama'a na jin maganarsa, shi ne ya sake ɗaukar alƙalami ya janye umurnin nan na kada a yarda da wuƙa, ya sa a madadinsa cewa duk gyambo a baki, ko fari ko jan tabo, ko ƙullutu a harshe ko a wuya, ko haƙorin da ya yi girgiɗi ba dalili, da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, a kai shi wurin likitan haƙori ko na baki da muƙamuƙi a yanki kaɗan a gwada. Dajin da aka kama bai kai santimita biyu ba, bai kuma sauka a wuya ba, galibi aiki ɗaya ke isarsa, ba kemo ba gashi, kuma mai shi yakan koma gida yana magana da harshensa.